Rufin-Asirin Kaka

Goggo ba ta taɓa taka ƙafa a shagon da Auta ke aiki ba sai ranar da ta zo da zoben Kaka ƙulle a cikin hankici.

Shago ne na kayan ado. Gwal da azurfa suna gaba cikin akwatunan gilashi, can ƙurya kuma akwai ɗan tebur da fitila mai lanƙwasasshen wuya, inda Auta ke zama tana gwada duwatsun da ake kawowa. Abin da ta karanta ke nan a jami'a, ilimin duwatsu da ma'adinai, kuma tun ranar da ta gama 'yan uwa suka laƙaba mata Malamar Tsakuwa. Goggo ce ta raɗa sunan. Ita ce kuma ta taɓa tambaya a gaban baƙi ko sai mutum ya je jami'a kafin ya san dutse ba ya dahuwa. Aka yi dariya, Auta ta yi ƙoƙarin ba da amsa, Goggo ta tare ta da abin da ta saba tare ta da shi tun tana ƙarama: "Buɗe baki, yarinya, ba a jin ki."

Yau ga Goggo tsaye a kan teburin tsakuwa, ko gaisuwar kirki ba ta amsa ba. Ta kwance hankicin ta dire zoben a ƙarƙashin fitila.

Auta ta san zoben kamar yadda ta san tafin hannunta. Iyayenta sun rasu tana ƙarama, Kaka ce ta riƙe su ita da yayanta, kuma hannun da ya yi mata wanka, ya yi mata kitso, ya ja mata kunne, da wannan zoben yake. Gwal ne mai kauri, da jan dutse zaune a tsakiya, bakin gwal ya zagaye shi ya riƙe shi gam. Kowa a dangi ya san tarihinsa, domin Goggo ba ta bari a manta. Ita ta sayo wa mahaifiyarta a tafiyarta ta farko ta fatauci, tana yarinya ɗanya, kuma yaƙutu ne, jan dutse mai tsada, mai sayarwa ya ba ta madubin ƙara girma ta ga zare-zaren da ke cikinsa da idonta. Daga wannan labarin take wucewa zuwa na biyu, cewa ita tunda take a kasuwa ba a haifi wanda ya taɓa cutar ta ba.

To, Kaka ta rasu, an zo maganar rabon kayanta. Goggo ta ɗauki zoben ta kai wa wani mai sayen gwal don a san darajarsa. Mutumin ya juya shi, ya leƙa ta ɗan ramin da ke bayansa, ya ce mata gwal ɗin dai gwal ne, amma jan abin nan kwalba ce. A wajen Goggo lissafin bai da wuya. Ita yaƙutu ta sayo, yau kwalba aka samu, ke nan wani ya sauya. Kuma wa ya riƙe zoben in ba matar Yaya ba? Ita ta yi jinyar Kaka, ita ta zare zoben da sabulu da zare lokacin da yatsun tsohuwa suka kumbura, ita ta ajiye shi a durowarta har aka yi rasuwa. Goggo ba ta jira an yi bincike ba. A tsakar gidan Yaya ta faɗa, murya sama, maƙwabta na jin ta ta katanga.

"Gobe da hantsi Baffanku zai tara mu," in ji ta. "Ke dai ki sa wannan idon naki ki duba, ki zo ki faɗa musu kwalba ce. Sauran magana tawa ce."

Ta juya ta fita, mai shago na yi mata sai an jima ba ta ko waiwayo ba.

Auta ta daɗe tana kallon zoben. Shekara da shekaru karatunta abin ba'a ne, yau da ake neman wuƙar da za a yanka mutum da ita an tuna tana da amfani. Kuma wa za a yanka? Matar da ta bar aikin ɗinkinta ta zauna tana juya tsohuwa a kan gado, tana canja mata shimfiɗa, tana ɗura mata ruwa da cokali. Goggo kuwa takan zo dubiya da ledar lemo, ta zauna a bakin ƙofa saboda warin magani, ta ba da umarni iri-iri, ta tafi.

Ta ɗauki madubin ƙara girma, ta tsaya da shi a hannu. Wani abu ta tuna. Ranar da ta fara aiki ta zo gida da wannan madubin tana ɗoki, ta kama hannun Kaka za ta duba zoben. Tsohuwa ta fizge hannunta ta cusa cikin zane.

"Kai idonki na uku can kasuwa," ta ce. "Rufin-asirina ba ya son kallo."

Haka Kaka ke kiran zoben, Rufin-asiri. Kowa ya ɗauka abin da take nufi shi ne ɗan abin da mutum ke ajiyewa saboda ranar tsanani. Sai dai ranakun tsanani sun zo, ba ɗaya ba ba biyu ba, an sayar da keken ɗinki, an sayar da gado mai rumfa, ba a taɓa jin Kaka ta ce a kai zoben ko a tambayi farashinsa ba.

Auta ta nemi gafarar Kaka a zuciyarta, ta sunkuya.

Dutsen da ke zaune cikin zobe wahalar sha'ani gare shi. Ba ka iya auna nauyinsa shi kaɗai, ba ka ganin gefensa, gwal ya rufe rabin labarin. Masu gaggawa sukan ce a ɓamɓare shi a huta. Auta ba ta ɓamɓarewa, haka aka koya mata: in ka cire dutse daga mazauninsa ka kashe shaida. Ta fara ta baya, ta ɗan ramin. Mai sayen gwal bai yi ƙarya ba, ga 'yan kumfa nan zagayayyu suna shawagi a cikin ja, irin wanda ba a samu sai a kwalba. Ta juya shi ta duba ta sama, sai ga zare-zare siri-siri sun giggitta, kamar yadda Goggo ke ba da labari. Kwalba ba ta da zare.

Ta karkatar da fitila, ta juya zoben a hankali har haske ya kwanta a kafaɗar dutsen. Nan ta ga layin. Sama da shi dutsen na ƙyalli da kaifi, ƙasa da shi ƙyallin ya dusashe, gefuna sun siɗe kamar tsohon sabulu. Abu biyu ne aka haɗa. An yanko ɗan siririn ganet, wani jan dutse mai araha wanda shi ma yakan zo da zare a cikinsa, aka liƙa shi a kan jar kwalba kamar hula. Tsohuwar dabara ce, a littattafai ta fi ganin ta. Wanda ya duba ta sama ya ga dutse, wanda ya leƙa ta ƙasa ya ga kwalba, kuma kowannensu zai iya rantsuwa.

Saura tambayar da ta fi: yaushe wannan abu ya shiga zoben? Ta bi bakin gwal ɗin da kallo, zagaye guda. Babu sabon sawun ƙarfe, babu inda aka ɗaga aka mayar. Gwal ɗin ya siɗe ya kwanta a jikin dutsen, tsohon datti na sabulu da mai ya cike tsakaninsu ya daskare. A gefe ɗaya kuma ga wata lotsawa, da kurji mai zurfi wanda ya taso daga kan gwal ya haura kan kwalbar, layi ɗaya miƙaƙƙe, bai karye ba, bai goce ba.

Auta ta ajiye madubin. Ta san wannan kurjin. Kowa a gidan ya san labarinsa. Yaya yana ɗan yaro ya sa hannu a bakin ƙofar ƙarfe iska ta taso, Kaka ta cusa nata hannun ƙofar ta datse shi. Har ta koma ga Allah da tabon a yatsanta. An ce a lokacin ta kai zoben wurin maƙeri ya duba lotsawar, ta dawo ta ce a bar shi haka. Ƙarfen ƙofa ba ya yi wa yaƙutu kurji. Maƙerin ya sani, ke nan ya gaya mata. Lokacin kuwa matar Yaya ko rarrafe ba ta fara ba a gidan ubanta.

Rufin-asiri. Ashe asirin 'yarta Goggo ne tsohuwa ke rufewa a yatsanta duk tsawon shekarun nan, tana jin ta tana cika baki a gaban baƙi, tana gyaɗa kai.

Da yamma Auta ta koma gida ta tarar da jaka a bakin ƙofar ɗakin Anti, kamar yadda take kiran matar Yaya. An ɗaure ta tsaf. Anti na zaune a bakin gado tana ninke kayan yara, idonta a bushe. Ta ce in gobe aka tashi taro da sunan ɓarauniya a kanta, ba za ta ƙara kwana a gidan ba, ba za ta iya haɗa ido da mai kanti da matan layi ba, tun jiya maƙwabciya ta aiko a karɓo mata dutsen guga da ta ara mata. Auta ta tambayi abin da Yaya ya ce. Anti ta yi ɗan murmushin da ya fi kuka ciwo, ta ce ya ce a bi a hankali, Goggo uwa ce.

Yaya na falo yana danna waya. Auta ta tsaya a kansa tana kallon yatsunsa guda goma, lafiyayyu, suna ta kai da komo. Maganganu suka cika mata baki, ba wadda ta fito. Ta wuce ɗakinta tana jin haushinsa, tana jin haushin kanta.

Washegari da safe ta riga kowa zuwa gidan Goggo. Ta ga ya kamata ta ba ta hanyar fita, ko don Kaka. A tsaye a kicin ta yi mata bayani: hular ganet, kwalbar ƙasa, kurjin ƙofa. Ta ce ba sai kowa ya ji sauran ba. Goggo ta je ta ce an bincika, ba a taɓa dutsen ba, Anti ba ta ɗauki komai ba, shi ke nan a bar kaza cikin gashinta.

Goggo ta saurara tana juya cokali a kofin shayi. Fuskarta ta canja sau ɗaya, lokacin da aka ambaci maƙeri, sannan ta koma yadda take. Ta ce ta ji. Ta ce Auta ta je, ita ta san yadda za ta yi, kuma yaro ba ya koya wa babba tafiya.

Aka taru a falon Yaya. Baffa, babban wan su Goggo, ya zauna a kujerar da Kaka ke zama, zoben na kan faranti a gabansa. Tagar falon a buɗe take saboda zafi, ana jin maƙwabciya na shanya a bayan katanga, shanyar da ta ƙi ƙarewa. Anti ta zauna a ƙasa kusa da ƙofa. Baffa ya yi addu'a, ya yi doguwar nasiha a kan zumunci, sannan ya ba Goggo dama.

Goggo ta gyara zama, ta sassauta murya yadda ba ta saba ba. Ta ce ta kwana tana tunani. Ta ce duniya ba wurin zama ba ce, ga Inna nan ta tafi ba ta ɗauki ko allura ba. Ta ce ba ta son a tona abin da zai ɓata zumunci, don haka ba sai Malamar Tsakuwa ta wahalar da bakinta ba.

"Abin da ya wuce ya wuce," ta ce, tana kallon Anti. "Ni dai na yafe mata, duniya da lahira."

Baffa ya sauke ajiyar zuciya ya ce madalla, haka ake son babba. Yaya ya ce Allah ya saka da alheri, har da ɗan rusunawa. Ya juya ya yi wa matarsa alama da ido ta yi godiya.

Auta ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Ta dubi Anti. Wannan yafiyar ta fi zargin muni. Zargi ana iya wanke shi, amma wanda aka yafe wa ya tabbata mai laifi har abada, kuma dole ya ce na gode. Gobe a layi za a ce ta sata amma dangin miji mutanen kirki ne. 'Ya'yanta za su girma a ƙarƙashin wannan alherin. Goggo kuwa ta fita da riba biyu, ga sunanta na wadda ba a cuta, ga sabon suna na mai haƙuri.

"Me aka yafe?" in ji Auta.

Muryar ta fito ƙarama. Goggo ta harare ta, bakinta ya fara haɗa kalmomin da ya saba. Auta ba ta jira su ba, ta miƙe tsaye.

"Baffa, ba a yafe wa wanda bai yi laifi ba. Dutsen nan ba a taɓa cire shi ba tun ranar da aka sa shi."

Baffa ya ce to ai an ce kwalba ce. Auta ta ce kwalba ce, kuma kwalbar aka sayo. Har shanyar bayan katanga ta tsaya. Ta ɗauki zoben ta matsa kusa da taga, ta yi bayanin hular ganet a taƙaice, ba ta kalli Goggo ba. Sannan ta ciro madubin daga jakarta, ta wuce Baffa, ta miƙa wa Yaya. Ta nuna masa yadda zai riƙe shi dab da ido, ta juya masa gefen lotsawar, ta tambaye shi abin da ya gani. Ya ce kurji ne, ya taso daga gwal ya hau dutsen. Ta tambaya ko layin ya karye a tsakani. Ya ce bai karye ba.

"Ƙofar da ta so cin yatsunka ce," ta ce. "In an sauya dutsen bara, yaya aka yi sabon ya zo da kurjin yarintarka? Ita ta sa hannu ta tare maka. Kai ko baki ka kasa sawa."

Yaya bai ɗago ba. Ya ci gaba da riƙe madubin a ido, ko da yake ba abin da ya rage ya gani.

Goggo ta fara cewa yarinya ba ta da kunya, an tura ta makaranta ta koyo raina manya, ita da ta ga zare da idonta. Auta ta ce zaren gaskiya ne, yana nan har yanzu, a cikin hular yake, ko wa aka nuna wa a wancan lokacin zai saya. Baffa ne ya katse su. Ya daɗe yana shafa gemu, ya ce shi yanzu ya gane abin da ya sa Inna ta kusa marin sa ranar da ya ce a kai zoben a jinginar. Ya maimaita sunan a hankali, Rufin-asiri, kamar yau ya fara jin sa.

A karon farko tun da Auta ta san Goggo, ta ga hannunta ya rasa inda zai zauna. Tausayi ya ɗan taso wa Auta, sai idonta ya faɗa kan jakar da ke bakin ƙofa, tausayin ya koma.

Anti ce ta yi magana, daga inda take zaune, ba hawaye ba hayaniya. Ta ce ita ba ta neman a ba ta haƙuri, ba ta kuma neman zoben ko wani abu daga kayan marigayiya. Abu ɗaya take so, bakin da ya ce ta ɗauka ya ce ba ta ɗauka ba. Baffa ya dubi ƙanwarsa ya ce wannan haƙƙi ne.

Goggo ta kalli faranti, ta kalli silin. Can ta motsa leɓe, ta ce ba ta ɗauka ba, da muryar da ko kujerar kusa da ita ba ta ji sosai ba.

Auta na tsaye a bakin taga. Ta sa hannu ta ƙara tura ta, ta buɗe har ƙarshe.

"Goggo," ta ce, "ba a jin ki."

Sai da Goggo ta faɗa yadda ta faɗi na farko a tsakar gida, har aka ji faɗuwar bokiti a bayan katanga. Daga nan ta yafa gyalenta ta fita ba sallama, Baffa ya bi ta a baya yana kiran sunanta na yarinta. Ba wanda ya ɗauki zoben, yana nan kan faranti.

Yaya ya tashi jiki a sanyaye ya nufi jakar, ya kama hannunta zai mayar ɗaki. Anti ta ce ya ajiye, wanda ya ɗaure kaya shi ya san ranar kwance su. Ya ajiye. Ta miƙe ta karkaɗe zanenta, ta ce wa Auta ta leƙa gidan maƙwabciya ta ce a ba ta aron dutsen guga, akwai kayan makarantar yara da ba a goge ba.